Rigar Ƙasa Ta Bi Shanu Arewa

Har yau, in na ji kamiyon albasa ya tsaya kusa da gidanmu, sai gabana ya faɗi, ko da na san ba wanda ya aiko mana da komai. Matata takan ce, "To, ga mutuminka nan ya iso," ta ci gaba da dakanta tana dariya. Abin ya samo asali ne daga jakar ƙanena. Ana ba da labarin a rumfar mai shayi, kowa da irin gishirin da yake sa masa, kuma yawancinsu Inna suke ɗora wa laifi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru. Inna ba ta da laifi. In akwai laifi, nawa ne.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Garhanga, tsakanin duwatsu. Da damina hatsi da dawa, da rani albasa a fadama. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ne auta, mata huɗu a tsakaninmu. Na yi lakwal, makarantar boko, har na samu sartifika, sai babanmu ya rasu, na ajiye alƙalami na ɗauki hauya. Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, ban ɓoye ba. In na rufe rumbu na yi taku goma, sai na koma na taɓa murfin. In ina alwala aka yi mini magana, sai na sake daga farko. Auta kuwa tun yana ƙarami, in ya faɗo daga kan jaki dariya yake yi.

Ƙwallon tsumma ya fara bugawa a bayan lakwal, ba takalmi, a filin da tsakuwarsa ke yanka ƙafa. Da ya tafi kolej a Madawa, ekip ɗin garin, wato ƙungiyar ƙwallo, ta ɗauke shi ta ba shi bayan hagu. Daga nan bai ƙara cika shekara uku wuri ɗaya ba. Ya buga a Tawa, ya buga a Yamai, ya hau arewa Arlit, inda ya ce iska tana juya balo a sama kamar ita ma tana da tata ekip. Sai waje. Bobo, Kwatano, har Gabon, inda ruwan sama ba ya gajiya, fili ya zama taɓo, shi ɗan tudun Adar da ya saba da ƙasa mai tauri yana ta zamewa kamar akuya a kan siminti. Ya je gwaji Aljeriya, ya yi wata uku cikin sanyi, ranar ƙarshe suka ce sun gode. Ya sauko Sakkwato, daga bisani Maradi.

Ba irin 'yan wasan da ake manna hotonsu a bayan mota ba ne, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Aikinsa ya hana wani wucewa. In ya yi aikin da kyau ba mai ambatonsa, in ya yi kure sau ɗaya gari duka sai ya tuna da uwarsa. Irin mutumin nan ne da antirena, mai horar da ekip, ke nema in bayansa ya buɗe, ya kuma manta da shi in an samo wani mai sabuwar ƙafa. Duk lokacin da ya kira ya ce an sallame shi, ni nake kasa cin tuwo, shi yake lallashina.

"Yaya, mine ne abin ɓacin rai? In sunka ce sun gode, sai ka sa takalminka cikin leda ka biɗi wani fili. Fili bai ƙare ba a duniya."

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki gare shi. Ni in aka ce in kwana Keita sai na yi kwana uku ina shiri. Shi kuwa gari nawa ya shiga yana baƙo, bai san kowa ba? Ya kwana ɗaki ɗaya da mutum shida masu yare shida, ya koyi gaisuwarsu da zaginsu, ya tambayi alƙibla, ya yi azumi yana gudu cikin rana. Ban taɓa jin an kore shi daga fili don faɗa ba. Wani ɗan garinmu mai sayar da agogo a Kwatano ya je ya kalle shi, ya dawo yana ce mini, "Ƙanenka shingen ƙaya ne. Ba shi da kyaun gani, amma ba a bi ta kansa."

A gida ba da haka ake auna mutum ba. A Adar kowane gida yana da ɗa a wata ƙasa, Abijan ko Libiya ko Kamaru, kuma abin da ke nuna yana raye yana nema shi ne buhun da yake aikowa. Atamfa, sabulu, shayi, tocila, takalman roba. Ƙa'idar buhu ɗaya ce, kowa ya san ta: ranar da ya iso ake kwance shi a tsakar gida, uwar mai shi ta raba wa dangi da maƙwabta har a kakkaɓe. Wadda ta kwana da buhu a ɗaure, an gama da ita a bakin rijiya. Shekara goma sha biyar Inna tana karɓar sabulun 'ya'yan wasu. Auta yana aiko mata da abin cefane ta waya in ya samu, amma abin da ya zo ta waya ba a shimfiɗa shi a tabarma a gani. Mata sukan tambaye ta, "Inna, autanki har yanzu wasa shikai?" Sai ta ce, "Yana can yana gudu."

An sha kiransa ekip ɗin ƙasa. Ya je Yamai, ya yi horo, ya hau jirgi, ya zauna a benci har a tashi. 'Yan rumfa suka sa masa suna mai gadin benci. Sau ɗaya tak ya taka fili. Ranar, da la'asar, muna rumfar mai shayi, rediyo a tsakiya. An dawo hutun rabin lokaci, wasa ya yi nisa, wani ya ji ciwo, sai muka ji mai bayani ya faɗi sunan ƙanena, ya haɗa da na babanmu. Rumfa ta kaure da ihu. Ni kuwa tashi na yi na zaga baya na tsuguna, ina roƙon Allah kada ya yi kuren da zai ja wa ƙasa gaba ɗaya asara. Saboda haka ban ji wasan ba. Daga baya aka gaya mini ya fitar da wani balo da ka daga bakin raga, kuma ba a ci mu ba bayan shigarsa. Aka bar masa rigar. Ba da daɗewa ba aka canja antirena, ba a sake kiransa ba.

A ƙarshen wani rani, ana jiran ruwan shuka, ya sa aka ce in kira shi. Na hau dutsen bayan gari inda rezon waya ke kamawa.

"Yaya, gwiwa ta ƙi. Likita ya ce in bari. In na gama magani, da kaka ina gida."

Na fara salati, ya katse ni.

"Saurara, akwai magana. Na ba direban kamiyon nan na garinmu jaka. Duk rigar da na taɓa sawa tana ciki, tun ta Madawa. Ban gina gida ba, ban sayi mota ba, abin da na tara ke nan. Akwai mai ruwan lemu, ta ƙasa, na naɗe ta daban. Ko duka za su ɓace, ban da ita. Ɗana in ya girma, ita zan nuna mishi. Kai na ba, Yaya, don na san ko allura anka ba ka ajiya sai ka ƙirga ta safe da marece."

Na ce amana ce, na karɓa.

Ga inda na ɓata. Ban gaya wa kowa ba. Na ji tsoron in magana ta fita a ce auta ya aiko da dukiya, ɓarawo ya ji, ko baki ya kama ta. Ko matata ban gaya wa ba. Inna kuwa, tsakanina da ita akwai kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta dubana ido da ido, in tana da saƙo sai ta faɗa wa matata ina zaune a wurin. Ni ma ban saba in zauna gabanta in yi doguwar magana ba. Na ce a raina, in jakar ta shigo hannuna na ɓoye ta, shi ke nan, ba sai an yi bayani ba. Don kada ta kwana a hannun kowa, sai na yanke shawarar in tare ta tun daga Madawa. Na tafi kwana biyu kafin ranar da aka ce kamiyon zai iso.

Na zauna a tasha. Duk kamiyon da ya taho daga wajen Maradi sai na miƙe. A rana ta uku wani mai ɗaure kaya ya ji tausayina ya tambayi wanda nake jira. Da na kwatanta masa, ya ce, "Ai wanga ya wuce tun kahin ka zo. Ya samu lodi da wuri." Direban mutumin kirki ne. Da ya iso gari bai ce a zo a ɗauka ba, da kansa ya saɓa jakar ya kai ta har ƙofar ɗakin Inna, ya ce, "Ga saƙon autanki."

Tun kafin in shiga gari na sani. Na sauka a Garhanga na kamo hanya a ƙasa, sai na hangi wani a gona yana haƙa ramukan shuka, sanye da riga shuɗiya mai lamba uku a baya. Na tsaya. Na ce wataƙila gwanjo ce. Na ƙara gaba, ga mai amalanke da ja mai ratsin fari, ita ma lamba uku.

Na tarar da Inna a tsakar gida, ta ɗaura zanen da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Matata ta raɗa mini cewa har guɗa aka yi, gidan ya cika ya batse, an aika wa gwaggo a Buza da tata, an aika Tamaske wa mazan ƙannena. Jakar tana rataye a ƙusa, ba komai ciki. Inna ta dubi matata.

"Faɗa ma wanga an aje mishi nashi."

Aka miƙo mini safa doguwa mai kaiwa gwiwa. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Me zan ce? Sai da na sha ruwa na tambayi matata, kamar ba komai, wa ya samu mai ruwan lemu. Ta ce Baffa. Baffa Bafillace ne dattijo, shi ke riƙe da shanun Inna biyu cikin garkensa tun babanmu na da rai. Ya zo ranar da man shanu don yin ban kwana, saboda in ruwa ya sauka makiyaya sukan hau arewa su bar mana gonaki. Inna ta ga an naɗe rigar daban, ta ce lalle ita ce babba, ta ba babban baƙo.

Na fita da gudu zuwa inda ya yi ruga. Toka na tarar da kashin shanu. Sun tashi tun jiya da asuba, kuma ba mai dawowa sai an saki gonaki bayan girbi.

Daminar nan ta yi kyau, an ce. Ni ban gan ta ba. Ina noma ina lissafin inda kowace riga take. Na san kyautar da aka bayar ba a karɓarta, ballantana wadda uwa ta bayar da hannunta a gaban mutane. In na bi gida gida ina karɓa, na kwance wa Inna zane a kasuwa. In na bari, na ci amana. Wata rana na yi ƙarfin hali na je Buza wajen gwaggo, na tarar da mijinta a zaure sanye da ta Bobo a ƙarƙashin babbar riga, wuyanta yana leƙowa. Ya ce tun da yake bai taɓa sa rigar da ke shan zufa kamarta ba, Allah ya yi wa auta albarka. Na ce amin. Na yi gaisuwa har sau uku, na dawo da ƙwan zabi goma da gwaggo ta ba ni, ban ambaci rigar ba.

Auta kuma yana kira. "Jaka ta iso?" Na ce ta iso. "Madalla." Sai in yi sauri in tambayi gwiwa. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da nake yi, kuma duk saukowata daga dutsen nan da istigfari nake yin ta. Har wajen limaminmu na je na ce wani mutum ne aka ba ajiya, ta salwanta ba da ganganci ba, mai ita bai sani ba. Ya saurare ni har na gama.

"Ka ce ma wanga mutum ya faɗa ma mai kaya gaskiya tun yau. Kuma ka ce mishi ya riƙa cin abinci, na ga wuyanshi ya yi tsawo."

Na ce zan faɗa masa. Na hau dutse sau biyu da niyya, na sauko ban kira ba.

Ya iso ranar kasuwar Garhanga, an fara yankan hatsi. Na je tarbarsa. Ya sauko daga mota yana ɗingishi kaɗan, ya rame, amma dariyar tana nan. Muka rungumi juna. Ina shirya maganar da na yi wata huɗu ina shiryawa, sai mai amalanken nan ya zo wucewa da buhunan gawayi, ya ɗaga masa hannu.

"Auta, sannu da zuwa! Mun ga saƙo, Allah shi ƙara arziki!"

Auta ya bi jar rigar da kallo har ta shige cikin kasuwa. Ya juya, ga mahauci a bakin tukuba da ta Gabon, duk ta sha mai. Sai ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba. Muka kamo hanya, na gaya masa duka, tun daga tashar Madawa har safar da aka ba ni. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ta ƙasa fa?"

Na ce tana arewa, a jikin Baffa.

Ya tsaya, ya dafa gwiwa kamar ita ke ciwo.

"Da ka faɗa min, Yaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina fargabar abin da zai faru in ya shiga gida. Ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa, ta fara jero masa waɗanda suka samu da abin da kowa ya ce. Ta ce matar da ta fi kowa tambayarta ko har yanzu wasa yake yi, da kanta ta zo ta roƙar wa mijinta ɗaya. Ta ce, "Riga ashirin, jiki guda, ina za ka kai su? Na ce yaron ga ya yi hankali, ya tuna da mutane." Auta ya ɗago kai. Sai ya ce, "Inna, kin raba daidai. Ko ni ne ba zan iya haka ba." Kuma bai taɓa gaya mata ba. A filin balo ban taɓa ganinsa ba, amma ranar na ga yadda yake tare abu kafin ya wuce.

Ya shiga girbi tare da mu, da gwiwar tasa. Yana ɗaure dami yana ganin rigunansa suna wucewa a kan hanya, wata a kan jaki, wata da tulu a kafaɗa. Da farko kau da kai yake yi. Daga baya sai ya fara tsayar da masu su. Ya ce wa mahauci, "Ka san wagga riga ta kwana biyu a kan ruwa, jirginmu ya lalace?" Ya nuna wa mai amalanke ɗinkin da ke haƙarƙarin jar rigar, ya ce wani ƙato ne ya ja shi a Yamai har ta yage, ya ɗinke da hannunsa. Kafin a gama kai hatsi rumbu, kowa ya san labarin rigar da ke jikinsa, har gardama ake yi a rumfa, mai ta Arlit yana cewa tasa ta fi ta Sakkwato wahala. Aka daina cewa mai gadin benci.

Ni kuwa na lura da abin da ba wanda ya lura da shi. Da can in auta ya zo hutu, yana sauka yake miƙo mini fasfo da takardunsa in ajiye. Wannan karon a aljihunsa suka zauna. Yana gaishe ni, muna cin tuwo kwano ɗaya, amma bai sake ba ni ko tsinke ya ce riƙe mini ba. Ban ga laifinsa ba. Sai dai abin yana cina fiye da batun rigar.

Da aka saki gonaki, wata safiya muka ji kukan shanu daga gabas. Baffa ya sauka a gonarmu kamar kowace shekara, don shanu su ci kara su bar mana taki. Na buɗe akwati na ɗauko rigata ta salla, shadda mai aiki a wuya, sau biyu na taɓa sa ta. Na ce a raina ko musanya ce in yi da Baffa, ba karɓa ba, in ya so a ce ni ne na yi sha'awar tasa. Auta ya ga ƙullin rigar a hammatata, ya biyo ni.

Muka same shi yana ɗaure maraƙi. Rigar tana jikinsa. Ruwan lemun ya koma kalar ƙasa, ƙaya ta yage kafaɗa an ɗinke da baƙin zare, lambar baya ta ɓare saura inuwarta. Ana jin ƙamshin hayaƙi da nono tun daga nesa.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi shanu da ciyawar arewa. Baffa ya kama hannun auta ya ƙi saki.

"Kai ne mai rigar ga? Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ruwa ya dake ni da ita, kahin in kai ruga ta bushe. A wata bariyel, shingen hanya, jandarmomi sunka gan ni sunka yi ta dariya, sunka ce ga ɗan wasan ƙasa da shanunai, ɗaya har ya sara min. A bakin rijiya samari sun so su ba ni tunkiya, na ce kyautar Inna ce, ko raƙumi ne ban badawa."

Auta ya zagaya shi a hankali yana duban rigar. Ya taɓa ɗinkin kafaɗa.

"Baffa, har ina kunka kai?"

Baffa ya faɗi sunayen rijiyoyi da ban taɓa ji ba, ya ce daga can in ka ƙara kwana uku sai rairayi.

"To ka fi ni," in ji auta. "Ni ko rabin awa ban yi da ita ba, kai ka yi wata biyar. Kuma kullum kana cikin fili, ba ka taɓa zama benci ba."

Baffa bai gane ba, amma ya yi dariya don ya ga ana yi. Na fara kwance ƙullina. Auta ya dafa hannuna ya mayar da shi ƙarƙashin hammatata, ya girgiza kai. Na gane. In rigar ta koma gida ta kowace hanya, kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, kuma kunnen Inna.

Sai ya ƙura wa ƙirjin rigar ido. Akwai wata da'ira a wajen zuciya da launinta bai koɗe kamar sauran ba.

"Baffa, akwai wani abu nan."

"Af, tambarin? Ɗinkinai na sukata in na yi zufa, sai na ɓare shi da aska. Amma ban yas ba. Na ga abin gwamnati ne, kada a tambaye ni."

Ya zaro 'yar jakar fata daga wuyansa, ya kwance, ya fito da shi daga tsakanin layu da takardar rigakafin shanu. Tambarin ƙasa ne, bai kai tafin hannu ba, launinsa sabo fil kamar ranar da aka ɗinka shi, saboda rana ba ta gan shi ba.

"In kana so ka riƙe, ka raba ni da shi. Ni tsoronai nikai."

Auta ya karɓa. Ya riƙe shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, har Baffa ya koma wajen maraƙinsa. Muka yi sallama, aka ba mu ƙwaryar nono. Mun kai rabin gona, karan hatsi yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai auta ya tsaya ya miƙo mini tambarin.

"Yaya, aje min."

Na ce, "Ni?"

"To wa? Akwai wani da zai je Madawa kwana biyu kahin mota?"

Na karɓa. Kafin in yi magana ya riga ya yi gaba yana ɗingishi da ƙwaryar nono.

Yanzu auta yana koya wa matasa balo a Keita, yana zuwa gida ranar kasuwa. Tambarin yana cikin ledar da sartifikata take, a ƙasan akwati, ina duba shi in na tashi da in zan fita gona. Amma a ranar nan, kafin in sa shi ciki, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa, na buɗe hannu na nuna mata, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, wanga ajiyar auta ce. Ba ta rabo ba ce. Yana cikin akwatina."

Ta leƙa tafin hannuna. Ban san iyakar abin da ta fahimta ba, kuma har yau ban tambaya ba. Sai ta juya wajen matata.

"Faɗa ma wanga ya kwantar da hankalinai. Ni ban raba abin da bai isa rufe cibiya ba."